Muryar Dokta ga Yaya: allurar Chaina da maganin riƙe karatu

Assalamu alaikum. Yaya barka da dare, da sauran 'yan gida. Na ga saƙonki tun la'asar, ina asibiti ne, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na bari sai da na tashi. A yi haƙuri da ƙarar hanya.

To, kin ce ɗanki Abba yana karatu ba ya zama, ga JAMB ta matso, karo na biyu ke nan, kin kuma ga bidiyon da 'yan Chaina ke sossoka wa mutum allurai a ka wai yana buɗe ƙwaƙwalwa, ko gaskiya ne. Haka kika rubuta. Amma ni na san ba allurar ce a gabanki ba, Yaya. Ina mai allurar yake a unguwarku? Kwalbar maganin riƙe karatun nan ce da matar nan mai talla ta kawo miki ta naira 45,000, kina so in ce miki saya. Shi ya sa kika ƙara da "tunda kai ka zauna a can". Zan amsa miki duka biyun, amma ki saurara har ƙarshe, kar ki tsaya a inda ya yi miki daɗi.

Allurar dai gaskiya ce, ba siddabaru ba ne. Akufanca ake ce mata. Shekara shida na yi a birnin Gwanzu na Chaina, likitancin asibiti na karanta, amma sai da aka sa mu muka yi zango guda cur a kan nasu na gargajiya. Kuma can ba a lungu ake yin sa ba. Asibitoci ne na gwamnati, bene hawa-hawa, da kati da layi da komai. Abu ne da ya haura shekara 2,000 a rubuce, suna da gurabe 361 a jikin mutum da aka ƙidaya, kowanne da sunansa. Na tsakar ka ɗin nan da kika gani a bidiyo sunansa Baihui, wato mahaɗar ɗari, da wasu huɗu kewaye da shi. Akwai na wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, Shenmen, shi suke ba marar barci da mai fargaba. Akwai na ƙasan gwiwa kamar faɗin yatsu huɗu.

Su a fahimtarsu, mantuwa ba daga kai take farawa ba, kin gane? Cewa suke ƙoda ce ke samar da ɓargo, ƙwaƙwalwa kuma tekun ɓargo ce. Zuciya ce ɗakin hankali, saifa ce mai riƙe tunani. Idan ɗalibi ya yi ta tunani, ba ci ba barci, sai su ce ya gajiyar da zuciya da saifa. To ni likita ba zan ce miki haka jikin mutum yake ba, don mun buɗe jiki mun gani, saifa ba ta tunani. Amma mutumin da suke siffantawa, wallahi na san shi. Mai raba dare, mai cin abinci a tsaye, mai faɗuwar gaba. Shi ne ni a shekarata ta uku.

Lokacin jarrabawar ilimin magunguna ne. Na kai kusan wata ban yi barcin kirki ba, wuyana ya sandare, in karanta shafi in juya in rasa me na karanta. Wani abokina ɗan ƙasar ya ja ni wurin wata tsohuwar likita a asibitin makarantarmu. Ta sa na ɗora hannu a kan wani ɗan matashi ƙarami, ta aza yatsu uku a wuyan hannuna, ta yi shiru ta daɗe, ta koma ɗaya hannun. Ta ce in fito da harshe. Sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa nake kwanciya, me na ci jiya, ina yawan mafarki, bakina yana bushewa? Ta fi minti ashirin tana tambaya. Allurar kuwa siririya ce, ba ta fi gashin wutsiyar doki ba, ta ɓare ta daga leda a gabana. Ba zafi irin na allurar asibiti, wani nauyi-nauyi ne da tsami yake bin wurin. Ɗakin yana ƙamshin wani ganye da suke ƙonawa, kamar tazargade. Aka bar ni kwance rabin awa, fitila a rage. Yaya, barci ya ɗauke ni a kan gadon nan. Sau shida na je. Kuma eh, karatuna ya dawo.

Amma me ya dawo da shi? Barci ne. Da kuma tsohuwar nan da ta kafa min doka, ba shayi bayan la'asar, ba littafi bayan sha ɗaya na dare. Ba wai allura ta huda wata ƙofa a kaina ilimi ya shige ba. A Jamus an yi wani babban gwaji, an fitar da shi a 2007, mutum sama da 1,000 masu ciwon baya. Wasu aka yi musu allurar a gurabenta na ainihi, wasu aka ɗan tsira musu sama-sama a inda ba gurbi ba. Na ainihin kusan 48 cikin 100 suka samu sauƙi, na bogin 44. Waɗanda aka bari da maganin da aka saba, 27. Kin ga ke nan wani abu yana aiki, amma ba lallai gurbin ba ne. Wannan ma ciwo ke nan, inda allurar ta fi suna. Batun mantuwa kuwa, yawancin binciken a kan tsofaffi aka yi shi da waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki, mutane kaɗan-kaɗan. Yaro ɗan shekara 18 lafiyayye a ce allura za ta ƙara masa maki, babu wannan hujjar.

Kira ne ya shigo ya katse ni. Ina nake ma? Yauwa, kwalba.

Kar wani ya ce na raina maganinsu, don na ga Kawu yana ta rubutu yana gogewa. Ban raina ba. Maganin maleriyar da muke sha yau, irin su Coartem, daga ganyensu aka ciro shi, ɗan'uwan tazargade, kuma matar da ta yi aikin, Tu Youyou, an ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace, aka auna, aka gwada a kan mutane. Na ƙwaƙwalwa ma suna da su. Akwai wani haɗi tun zamanin daular Tang, shekara sama da 1,300, saiwar ginseng da wasu magunguna uku. Akwai ƙwallon wata 'yar'uwar magarya da suke dafa wa marar barci. A can likita ne zai duba ki ya rubuta, a je wurin masu akwatunan katakon nan a auna a sikeli, a ƙulle miki na kwana bakwai, ki dawo a sake dubawa a canza. Ba kwalba ɗaya ga kowa da kowa ba, daga mai basir har mai neman haihuwa har mai JAMB.

Kuma na tabbata in kika juya kwalbar za ki ga an rubuta ginkgo, ganyen wani itace ne na Chaina. Duk shi suke sawa. To ginkgo ɗin nan an gwada shi a Amurka, tsofaffi sama da 3,000, aka bi su wajen shekara shida, sakamako ya fito a 2008, bai hana cutar mantuwa ba. Abin da yake yi kuwa, yana iya tsinka jini.

Wannan ne ya kawo ni kan Goggo. Na san za a ce na sake tayar da maganar, to sai na tayar. Shekara huɗu ke nan. Mutumin nan da ya zo da na'ura a jaka, a riƙe wani ƙarfe minti ɗaya, kwamfuta ta zayyano wai ƙodarki kaza, hantarki kaza, ƙwaƙwalwarki ba ta samun jini. Ba a ɗebi jini ba, ba a ɗebi fitsari ba. Ana ce masa Dokta. Ya haɗa wa Goggo kwalabe huɗu, alhali tana kan warfarin, maganin tsinka jini, saboda zuciyarta. Na faɗa a guruf ɗin nan, wannan guruf ɗin, na ce a dakata. Me aka ce min? Wai mu likitoci baƙin ciki muke da abincin wasu. Wai don na je Chaina na dawo ina ganin na fi kowa. Sati uku, ƙarfe biyun dare aka buga min waya, haɓo ya ƙi tsayawa. Na tarar da ita zaune a bakin gado da ɗankwali a hanci ya jiƙe sharkaf, dasashinta ma yana jini, ga wasu shuɗɗan tabo a cinya da hannu. Kwana uku muka yi a asibiti. Mai na'ura kuwa lambarsa ta daina shiga. Har yau ba wanda ya ce min, ashe gaskiyarka ce. Ba wai ina nema ba ne, amma abin yana raina, don da a kai jinin ya ɓalle, da yanzu wani zancen ake.

A'a, bari in gyara, kar in yi zalunci. Ba zan rantse cewa ginkgo kaɗai ya yi ba, don kwalabe huɗu ne, biyu ma rubutun Chaina ne zalla ba fassara. To ai matsalar ke nan. A Beljiyam farkon shekarun 1990 mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace a kan maganin rage ƙiba, saboda an musanya saiwa ɗaya da wata mai guba. Turai ke nan, inda ake da masu sa ido. Kuma lambar NAFDAC ma, in kin gan ta a jikin maganin gargajiya, ba shaidar yana warkarwa ba ce. Ku karanta ƙasan kwalin, sau da yawa su da kansu sun rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Abba ba ya kan warfarin, na sani, ba na ce zai yi haɓo ba. Kuɗinki nake ji, da kuma yaron da za a sa wa rai cewa gyaransa yana cikin kwalba. Yaya, ina ganin Abba a kan layi ƙarfe biyu, ƙarfe uku na dare. Da na kwana a gidanku da azumi, na ga gwangwanayen lemon ƙarin kuzarin nan a bayan katifarsa, na ƙirga bakwai. Ya fita lesin ba karin kumallo. Wace ƙwaƙwalwa ce za ta riƙe abu a haka? Ai cikin barci ne abin da aka karanta yake zama. Ki tambayi duk wani mahaddaci, da asuba yake ɗaukar sabon karatu, ya yi ta tilawa yana maimaitawa, ba ya kwana yana kallon allo. Shi ma Abban ya rufe littafi ya gwada faɗo abin da ka, ya yi tambayoyin shekarun baya yana duba agogo. Wayar ta kwana a ɗakinki. Ki ba ni sati biyu a haka.

Sannan ki kawo min shi ranar Asabar da safe in duba jininsa, don yaron ya yi fari a idona, in jini ne ya yi ƙasa ko maleriya ce ke cin sa a ɓoye, shi ma yana kawo wannan. In duba idonsa ma, ya ce min kansa na ciwo in ya daɗe yana karatu. Zabibi da zuman da Inna ke ba shi, a ci gaba, abinci ne.

In kuma bayan duk wannan kina son allurar saboda barci ko wuyan, ban hana ba. Amma wanda ya koya da takarda, allura sabuwa a ɓare a gabanki, a jefar bayan an gama. Ciwon hanta ya yi mana yawa a garin nan, ba za a soka wa ɗana allurar da aka soka wa wani ba. Kuma ba a ƙirji ko gadon baya a hannun wanda bai sani ba, ana huda huhu.

Kawu, maganar mantuwar Inna da ka sako, wannan daban ce, ba irin ta Abba ba ce, kar a haɗa, kuma kar a ba ta komai tukuna. Zan kira ka gobe bayan azahar.

Yaya, ki ɗauko kwalbar yanzu ki turo min hotonta gaba da baya, har da ƙananan rubutun. In kin riga kin ba da kafin alƙalami ki faɗa min gaskiya, ni zan yi wa matar magana. Na iso gida, sai da safe.