Sun Ce An Kawo Mini Kaya, Ni Kuwa Ban Ga Komai Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a Kano, ina ɗinkin mata a gida. Na yi odar ƙaramin keken ɗinki mai aiki da wuta daga wata kasuwar intanet ta ƙasar waje, na biya abin da ya kai naira 86,000 da katin dala na wata manhaja. Wata ɗaya da rabi ina zuba ido, sai kwana tara da suka wuce na duba na ga an rubuta wai an miƙa mini kayan. Wallahi ko kira ban samu ba, kuma na bi maƙwabta babu wanda ya ga kowa. Na shigar da ƙorafi a manhajar kasuwar. Yanzu mai kayan ya turo saƙo yana ba ni haƙuri, ya ce in janye ƙorafin don yana ɓata masa shago, zai aiko da wani cikin kwana 20, ko kuma in ba shi lambata ta WhatsApp ya turo mini kuɗina. Maigidana ya ce in yi masa uzuri tunda ya yi magana mai daɗi. In janye? Kuma kuɗin nan zai dawo kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Sannu da wannan ɓacin rai, Allah Ya bayyana. Kada ki janye. Ko da mutumin nan gaskiya yake faɗa, kada ki janye sai keke ya shigo hannunki ko kuɗi ya koma katinki. Maigida kyakkyawan zato ya yi, kuma halin mutanen kirki ke nan. Uzurin da za ki yi wa mai kaya shi ne ki amsa masa cikin ladabi, amma ƙorafi ya ci gaba da zama a buɗe.

Ga dalili. Sayayya ta intanet cinikin biri a sama ne: ba ki ga kaya ba, ba ki ga mai kaya ba, ba ki san ƙofar shagonsa ba. Abin da ya sa mutane suke yarda su biya shi ne kasuwar ta tsaya a tsakani, kamar dattijon da ake damƙa wa kuɗin cinikin fili ya riƙe har a sa hannu a takarda. Wasu kasuwannin riƙe kuɗin suke yi sai mai saye ya ce ya karɓa ko wa'adi ya cika. Wasu kuma suna ba mai kaya kuɗinsa da wuri, amma suna da ikon cirowa daga asusunsa idan aka yanke masa hukunci. Ko ta wace hanya, ƙarfinki yana rataye ne da abu biyu: ƙorafin da ke buɗe, da kwanakin da suka rage miki. Mai kaya ya san wannan fiye da ke, shi ya sa duka buƙatunsa biyu suka nufi wuri guda. Ɗaya za ta cinye miki kwanaki, ɗaya kuma za ta fitar da ke daga gaban dattijon ta kai ki lungun da babu shaida.

Ba ki faɗi sunan kasuwar ba, don haka bari in kawo misali da waɗanda aka fi sani. A AliExpress, da zarar an rufe oda, ko ke kika danna cewa kin karɓa ko wa'adi ne ya rufe ta da kansa, kwana 15 gare ki ki shigar da ƙorafi. A eBay kwana 30 ne daga ranar da aka ƙiyasta kaya zai iso, kuma ana ba mai kaya kwana uku na aiki ya warware kafin ki nemi kamfanin ya shiga tsakani. Wanda ya biya ta PayPal yana da kwana 180 daga ranar biya idan kaya bai zo ba, amma bayan ya buɗe ƙorafi dole ya ɗaukaka shi zuwa gaban kamfanin cikin kwana 20, in ba haka ba ya rufe da kansa. A eBay da PayPal kuwa, ƙorafin da kika rufe da hannunki ba ya sake buɗuwa. To yi lissafi da kanki. Idan taki kasuwar mai kwana 15 ce, kuma an rufe odar ranar da aka rubuta an miƙa, tara sun tafi, shida suka rage, shi kuma yana neman 20. Ranar da za ki gane babu keke na biyu, ƙofa ta riga ta rufe da mako biyu. Waɗannan dokoki kamfanoni suna sauya su lokaci-lokaci, saboda haka ranar da ke rubuce a shafin odarki ita ce abin riƙonki. Ki rubuta ta a takarda ki manna a jikin bango kusa da inda kike ɗinki.

Idan da gaske yake son ya mayar miki da kuɗi, maɓallin yana gabansa a cikin manhajar, dannawa ɗaya ce. Idan da gaske yake son ya aiko da wani, ya aiko, ya ba ki sabuwar lambar bibiya, ke kuma ki nemi a ƙara miki wa'adin kariya in kasuwar tana da wannan damar. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar ki janye.

Yanzu ga inda aikin yake. Rubutun nan na "an miƙa" shi ne babbar hujjar mai kaya, kuma ma'aikacin da zai duba ƙararku shi zai fara gani. Idan kika tsaya a kan "wallahi ban gani ba" kawai, za ki iya faɗuwa alhali kina da gaskiya, domin wanda ke zaune a wata ƙasa ba shi da hanyar auna rantsuwarki. Dole ki gano abin da ke bayan rubutun. Sau da yawa abin da ya faru shi ne kaya ya iso ofishin kamfanin raba kaya ko gidan waya na garinku, aka ɗora masa alamar an miƙa alhali yana kwance a kan kanta. Wani lokaci ɗan aike ne ya kira layi bai shiga ba, ko ya kasa gane kwatance, tunda yawancin gidajenmu ba su da lamba, ya rufe aikinsa na ranar ya mayar da kaya ofis. Wani lokaci an ba wani a layinku, mai gadi ko mai shago, ya sa hannu ya ajiye ya manta. Akwai kuma na mugunta, inda mai kaya zai ba ki lambar bibiyar wani ƙunshi daban da ke zuwa garinku, ko ya aika wani ɗan tarkace mara daraja zuwa wani adireshi, don dai na'ura ta nuna an kai kaya Kano.

Na taɓa raka wani ɗan'uwana cigiyar kayan gyaran waya da aka ce an miƙa masa. Muka je ofishin da ke raba kayan, wani ɗaki mai zafi cike da buhuna har rufi. Ma'aikacin ya buga lambar ya ce an miƙa. Muka roƙe shi ya duba a tarin waɗanda aka dawo da su. Ya zazzage buhu na uku sai ga ƙunshin, leda mai ruwan toka, ƙura ta rufe ta, sunan ɗan'uwan nawa a jiki. Lambar wayar da aka buga a takardar ta rasa lamba ɗaya ta ƙarshe. An kira sau biyu bai shiga ba, shi ke nan aka jefa shi buhu. Kwana 12 ya yi a wurin, mai shi yana gida yana ta faɗa da mutumin da ke ƙasar Sin. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini irin wannan kuka, ƙafa nake fara sa shi ya taka.

Don haka ki kwafi lambar bibiyar ki sa a wani shafi mai zaman kansa kamar 17TRACK, ba a manhajar kasuwar kaɗai ba. Zai nuna miki hanyar da kaya ya biyo, kuma sau da yawa har da sunan kamfanin da ya karɓe shi a Najeriya. Idan lambar ta fara da harafi biyu na boko, sai lambobi tara, sai wasu haruffa biyu kamar CN a ƙarshe, wannan tsarin gidajen waya ne na duniya, to NIPOST, wato gidan waya na Najeriya, za ki nufa. Idan ba haka take ba, kamfani ne mai zaman kansa. Ki je da kanki ko Maigida ya je, da katin shaida da hoton odar. Ku tambayi abu uku: wane adireshi ke jikin ƙunshin, wa ya sa hannu, kuma nawa ne nauyinsa. Nauyin nan kada ku raina shi. Keken ɗinki ko ƙarami ne ba zai auna giram 50 ba. Idan takardarsu ta nuna haka, kin kama shi da hujjar da babu musu a cikinta. Idan suka ce adireshin ba naki ba ne, ko ba su da ƙunshin gaba ɗaya, ku roƙe su su rubuta muku a takarda mai hatimi, ko su turo ta imel. Wasu za su yi nauyin jiki, ku yi haƙuri ku nace. In sun ƙi, ku ɗauki hoton fuskar kwamfutar da izininsu.

Sai ki koma cikin ƙorafin ki ɗora hujjojin: hoton odar da adireshinki a jiki, hoton bibiyar, takardar ofishin, da hoton saƙon da mai kaya ya ce ki janye ku koma WhatsApp. Wannan na ƙarshen yana da nauyi, domin kasuwanni sun hana jan mai saye zuwa waje, kuma alƙawarin aiko da wani kusan amsa laifi ne cewa na farko bai iso ba. Bayaninki ya zama gajere, da ranaku, babu zagi. Ki tabbata dalilin da kika zaɓa shi ne "kaya bai iso ba", kuma abin da kike nema cikakken kuɗi ne. Ki riƙa leƙa manhajar kullum. Mai kaya zai iya sa tayin rabin kuɗi ko ma sifiri, kuma akwai kasuwannin da ke ɗaukar shirun mai saye a matsayin ya haƙura. Ki ƙi tayin a fili, ki nemi kamfanin ya yanke hukunci da zarar damar ta buɗe.

Idan hukunci bai yi miki daɗi ba, akwai ɗaukaka ƙara a cikin kasuwar, bayan nan kuma akwai katin da kika biya da shi. Visa da Mastercard suna da tsarin janyo kuɗi idan an biya ba a sami kaya ba, galibi cikin kwana 120, kuma ta hannun banki ko manhajar da ta ba ki katin ake bi. Kada ki haɗa shi da ƙorafin kasuwa a lokaci guda, domin wasu kasuwannin suna rufe nasu da zarar sun ga an kai maganar banki. Idan banki ya yi biris da ke, tsarin Babban Bankin Najeriya (CBN) shi ne ki shigar wa bankin da koke a rubuce, ki ba su mako biyu, sannan ki kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN. Akwai kuma hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa don kare masu saye. Hannunta ya fi kai wa ga wanda ke aiki a cikin ƙasar nan, don haka idan ya tabbata kamfanin raba kaya ne ya salwantar da keken, ita ce wurin zuwa.

Wani abu da nake so masu karatu su lura da shi, ko da bai shafe ki ba: 'yan kasuwarmu da yawa suna sa adireshin sito na wakilin kago a birnin Guangzhou, shi kuma ya haɗo musu kaya zuwa gida. A irin wannan, ranar da kaya ya shiga siton nan kasuwa ta sauke nauyinta, abin da ya ɓace daga can zuwa Kano tsakaninka ne da wakilinka. Haka wanda ya ga kaya a Instagram ko Facebook ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mutum aka ce an ba direba a tasha. Babu dattijo a tsakani. Shi ya sa 'yan kasuwar Kantin Kwari da suka san aiki ba sa sakin dila sai sun ɗauki hoton lambar mota, sun karɓi lambar direba da ta ɗan kamasho, sun tura wa mai saye nan take.

Game da ko kuɗin zai dawo, tunda ta cikin kasuwa kika biya, kika shigar da ƙorafi kan lokaci, kuma kina da saƙonsa a rubuce, matsayinki mai ƙarfi ne. In an yanke miki, kuɗin ta hanyar da ya fita zai komo, wato katin dalar nan. Kada ki goge katin, kada ki rufe asusun manhajar, ko da babu ko sisi a ciki, domin mayar da kuɗi zuwa katin da aka kashe wata doguwar wahala ce. Yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma da dala zai dawo, saboda haka abin da za ki gani a naira zai iya ɗan bambanta da 86,000. Idan aka tambaye ki ko a zuba miki a asusun sayayya na cikin kasuwar ko a kati, ki duba da kyau, domin na cikin kasuwa sau da yawa sai dai ki sake sayen wani abu da shi.

Shi kuma mai kayan, ki rubuta masa a cikin manhajar, ba a wani wuri ba: kin gode da kulawarsa, kaya bai iso hannunki ba, kina jiran ko dai cikakken kuɗi ta hanyar kasuwa ko sabuwar lambar bibiya, kuma za ki rufe ƙorafi da kanki ranar da ɗaya daga ciki ya tabbata. Ki gaida Maigida, ki roƙe shi ya leƙa ofishin nan gobe da safe kafin 'yan aike su fita.