Amsa kan jam'iyyar Lakas–CMD ta Filifin: me ya sa take kumbura ta sace?

Malam, ka ce ka ga Lakas–CMD ce ta fi kowa kujeru a majalisar wakilan Filifin bayan zaɓen 2025, alhali a 2010 ɗan takararta na shugaban ƙasa na huɗu ya zo, kana tambaya ko farin jini ne ya dawo mata. A ganina yawan kujerun ba ya auna farin jini a ƙasar. Abin da yake nunawa shi ne wanda ke kusa da fadar shugaban ƙasa ta Malacañang a lokacin.

Tun haihuwarta haka take. A 1991 Fidel Ramos ya nemi tikitin jam'iyyar LDP, Ramon Mitra ya kayar da shi, sai ya fice ya kafa Lakas, ya haɗe da jam'iyyar 'yan dimokuraɗiyyar Kirista ta Raul Manglapus. Wata ƙungiyar Musulmi ta shigo, daga nan CMD ɗin ya samo asali, wato 'yan dimokuraɗiyyar Kirista da Musulmi. Ra'ayinta na tsaka-tsaki ne mai karkata dama: kasuwa a buɗe, a sayar da kamfanonin gwamnati. Ramos ya ci zaɓen 1992 da ƙasa da kashi 24 cikin ɗari, domin a can ba a zuwa zagaye na biyu, wanda ya fi ƙuri'a shi ke nan. Yana hawa 'yan majalisa suka yi ta tururuwa zuwa wurinsa.

Ga yadda abin ke aiki. Shugaban ƙasa wa'adi ɗaya yake yi na shekara 6, ɗan majalisar wakilai shekara 3, kuma babu dokar da ke ƙwace kujerar ɗan majalisar mazaɓa da ya sauya sheƙa. Ɗan majalisa yana buƙatar kuɗin aikin mazaɓa da shugabancin kwamiti, waɗannan kuwa suna hannun fada da kakakin majalisa. Mutanen ƙasar har suna suka sa wa masu sauya sheƙa, balimbing, wani ɗan itace mai fuska da yawa. Ƙuri'ar mazaɓa ta gidan ɗan takara ce, jam'iyya riga kawai, uba ya tuɓe ɗa ya saka wata.

A 1998 ɗan takarar Lakas, Jose de Venecia, ya sha kaye a hannun Joseph Estrada, amma abokiyar takararsa Gloria Arroyo ta ci mataimakiyar shugaban ƙasa, tunda daban ake zaɓen kujerun biyu. Faɗuwar Estrada a 2001 ta kai ta mulki, ta kuma doke Fernando Poe Jr. a 2004 da tazarar ƙuri'a miliyan ɗaya da 'yan kai, nasarar da zargin maguɗi bai rabu da ita ba. An tsige De Venecia daga kakaki a 2008, aka haɗe jam'iyyar da Kampi ta Arroyo a 2009, haɗin da bai yi albarka ba. Ɗan takararta na shugaban ƙasa, Gilberto Teodoro, ya tashi da kusan kashi 11 a 2010, mambobi suka watse zuwa Liberal ta Benigno Aquino, wasu suka kafa sabuwar jam'iyyar NUP.

Dawowarta ma ta wannan hanyar ce. Sara Duterte ta ci mataimakiya da tutar Lakas a 2022, amma kujerun da jam'iyyar ta ci ranar zaɓe ba su kai 30 ba. Da Martin Romualdez, ɗan kawun Shugaba Marcos, ya zama kakaki, sai adadin ya yi ta hawa ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, ko da Sara ta fice a Mayun 2023.

In za ka duba alƙaluma, ka ware kujerun ranar zaɓe daga na bayan wata shida, mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Sannan ka duba majalisar dattawa, inda ake zaɓen mutum 12 daga ƙasar baki ɗaya. A can Lakas ba ta cika tara mutane ba. Romualdez ya sauka daga kakaki a Satumban 2025 kan badaƙalar ayyukan hana ambaliya, don haka sai ka sa ido kan jerin mambobinta kafin zaɓen 2028.