Tsohuwar Laftof Ɗina Za Ta Iya Ɗaukar Android?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da tsohuwar laftof HP mai ram 2GB, Windows 7 ce a kanta, idan na kunna ta sai na gaji da jira kafin ta gama buɗewa. Wani ya ce min ana iya saka mata Android irin ta waya ta dawo tana gudu. Don Allah gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya ya faɗa maka. Akwai wani aiki da ake kira Android-x86 wanda masu sa kai suka fara tun 2009, suka ɗauki Android ɗin da aka gina don waya suka gyara ta yadda za ta hau kwamfuta mai furosesa na Intel ko AMD, kuma daga baya wasu suka fito kamar Bliss OS da PrimeOS. Ram 2GB da Windows take ƙorafi a kai, ita Android sai ta zauna a ciki ta miƙe ƙafa.

Amma don Allah kar ka yi gaggawar goge Windows ɗinka. Ka nemi filash mai 8GB, ka sauke fayil ɗin girka Android-x86, wanda ake kira ISO, ka rubuta shi a kan filash ɗin da manhajar Rufus, sannan ka kashe laftof ɗin ka sake kunnawa kana danna F9 tunda HP ce, masu Dell da Lenovo su yawanci F12 ne. Wani baƙin allo zai fito da zaɓuɓɓuka, ka zaɓi wanda ke cewa a gudanar ba tare da an girka ba. A nan ne za ka san ko injinka ya yarda da ita, ka gwada wayfai, ka kunna sauti, ka buɗe kyamara, ka rufe murfin ka sake buɗewa ka ga ko za ta farka. Ni wayfai ne ya fi ba ni ciwon kai, na taɓa ɗora ta a wata laftof komai ya yi daidai amma jerin wayfai fayau babu ko ɗaya, ashe katin wayfai na kamfanin Broadcom ne a ciki kuma babu direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, sai da na haɗa waya da kebul na ba ta intanet.

Tambaya: Malam ni ma idan na saka Android ɗin a laftof, duk manhajojin wayata za su yi aiki? Har da na banki?

Amsa: A'a 'yar'uwa, ba duka ba. Yawancin manhajojin waya don furosesa irin ARM aka rubuta su, laftof kuma x86 ce, wato irin na Intel ko AMD, to sai an sa wani tafinta a tsakani yana fassara musu, wasu su tafi lafiya wasu kuma kina buɗewa su rufe kansu, musamman manyan gem. Wasu kuma a tsaye kawai suka san zama, sai ki ga hoto ya kwanta a gefe a allo mai faɗi, ga shi da yatsa aka tsara a riƙa shafa su ba da maus ba.

Na banki kuwa ina roƙonki ki bar su a wayarki. Sigar Android-x86 mai ƙwari ta ƙarshe a kan Android 9 aka gina ta, ta fito a 2020, ma'ana ta daɗe ba ta samun gyaran tsaro, kuma da yawa daga manhajojin kuɗi ma ƙin buɗewa suke idan suka ga na'urar ba ta da shaidar Google. Kallon YouTube, karatun yara, buɗe PDF, wannan duk babu laifi.

Tambaya: Na ji ana maganar ChromeOS Flex, shi ma Android ne?

Amsa: Ba ita ba ce. Wani tsarin gudanar da kwamfuta ne kamar Windows, Google ce ta fitar da shi a 2022 don tsofaffin kwamfutoci, kyauta ne kuma yana sabunta kansa, sai dai yana son ram 4GB da wurin ajiya 16GB da furosesa mai 64-bit, kuma babu Play Store a ciki, kusan komai a burauza ake yi. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, wanda laftof ɗinsa ba ta isa hawa Windows 11 ba kuma aikinsa bai wuce intanet da rubutu ba, ChromeOS Flex na fi ba shi shawara maimakon Android. Mai ram 2GB kuma ya gwada Linux, wani tsarin kwamfuta na daban, mara nauyi irin antiX, wadda har tsohon inji mai 32-bit take ɗauka. Ko wanne ka zaɓa, ka fara kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani waje, don lokacin girkawa kuskuren danna wuri ɗaya ya isa ya share faifan gaba ɗaya.