Me ya sa banki ke ƙin ba ƙaramin ɗan kasuwa rance?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa masu ƙananan sana'o'i a ƙasashe masu tasowa ke shan wuya kafin su sami rance, ko da sana'ar na kawo riba. Na daɗe ina duba takardun masu neman rance, bari in faɗa miki abin da na gani.

Kowa jingina yake fara ambata, kuma da gaskiyarsu. Banki fili ko gida mai takardar mallaka yake so, mai ƙaramar sana'a kuwa dukiyarsa inji ce da haja. Shi ya sa Ghana ta buɗe rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka a 2010, Najeriya ta biyo baya a 2016.

Amma ni a ganina abin da ya fi kayar da mutane shi ne rashin shaida. Ciniki duk hannu da hannu, babu littafin shige da fice, kuɗin gida da na sana'a aljihu ɗaya. Ma'aikacin banki ko ya yarda da ke, ba shi da abin da zai nuna wa na gaba da shi. Na sha ganin an mayar da mai ciniki sosai, an ba wanda bai kama ƙafarsa ba, don kawai shi kuɗinsa ta asusu suke bi. Ga shi wahalar binciken ƙaramin rance kusan ɗaya ce da ta babba, riba kuwa da nisa. Gwamnatoci ma suna cin bashi a bankunan nan da kuɗin ruwa mai tsoka, to wa zai bar wannan ya tsaya binciken mai kanti? A 2017 hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai tallafa wa kamfanoni masu zaman kansu, ta ƙiyasta giɓin rancen irin waɗannan sana'o'i, wato rancen da suke buƙata amma ba su samu, da dala tiriliyan 5.2 a shekara.

Ki duba Kenya. Tun 2012 M-Shwari, wani tsarin ajiya da rance ta wayar salula, ke ba da rance ba jingina, tarihin hada-hadar mutum a M-Pesa (tsarin tura kuɗi ta waya) da yadda yake amfani da layinsa ake dubawa. Don haka ki yi rajistar sana'arki, ki ware mata asusu, kowane ciniki ya bi ta nan. Sai dai rancen waya irin na M-Shwari na kwana 30 ne, kuma da tsada. Na sarin haja mai saurin fita ne, kada ki sayi inji da shi.