Hukuncin Halartar Taron Tunawa da Yaƙin Ruwa na Canakkale

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne ɗan Zariya, ina karatu a Turkiyya. Duk ranar 18 ga Maris jami'armu kan yi taron tunawa da yaƙin ruwa na Canakkale. Ana tsayuwar shiru ta minti ɗaya, a rera taken ƙasa, a karanta Alƙur'ani, a yi wa mamatan addu'a, kuma kowa shahidai yake ce musu. Bana ma za a kai mu har maƙabartun. Wani abokina ya ce duk bidi'a ce, wanda ya je ya yi zunubi. Mene ne gaskiyar lamari?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokinka ya zuba abubuwa da yawa a ƙwarya ɗaya ya yanke musu hukunci guda, alhali kowanne da nasa.

Bari mu fara da sanin abin da ake tunawa, tunda ba a hukunta abin da ba a san kamanninsa ba. A ranar 18 ga Maris 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, rundunar ruwa ta Ingila da Faransa ta shigo mashigin Canakkale da manyan jiragen yaƙi sama da 15, da nufin kutsawa har Istanbul, fadar daular Usmaniyya. Kwana goma kafin nan wani ƙaramin jirgi mai suna Nusrat ya fita da daddare ya dasa nakiyoyi 26 a wani lungu da jiragen abokan gaba suka saba juyawa, kuma ba su gano ba. Da yinin ya raba, jirgin Faransa Bouvet ya taka nakiya ya nutse cikin 'yan mintuna da mutum sama da 600. Jiragen Ingila biyu, Irresistible da Ocean, suka bi sahunsa, wasu kuma suka koma da mummunan rauni. Rundunar ta janye. Sai suka sauya dabara suka sauke sojoji a tudu ranar 25 ga Afrilu, aka yi wata takwas ana zubar da jini, suka kwashe nasu-ya-nasu a farkon Janairun 1916. Kenan mutanen da ake tunawa Musulmi ne mafi yawansu, an zo musu har gida, suka tsaya suka kare.

Ba da labarin irin wannan da koyar da shi ga yara ba ibada ce da aka ƙirƙira ba, al'ada ce, kuma asalin al'adu halacci ne sai in nassi ya hana. Magabata ma sun riƙe shi da muhimmanci. An ruwaito daga Aliyu ɗan Husaini, Zainul Abidina, cewa ana koya musu labarin yaƙoƙin Manzon Allah (SAW) kamar yadda ake koya musu sura. Yaƙin ruwa kuwa yana da nasa matsayi. Bukhari da Muslim sun kawo cewa Annabi (SAW) ya yi barcin rana a gidan Ummu Haram 'yar Milhan, ya farka yana dariya, ya ce an nuna masa wasu daga al'ummarsa suna hawan tsakiyar teku don yaƙi saboda Allah, kamar sarakuna a kan gadaje. Ta roƙi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, ya yi. A zamanin Sayyidina Usman ta fita tare da mijinta Ubada ɗan Samit a rundunar Mu'awiya zuwa tsibirin Ƙubrus, ta faɗo daga kan dabbarta bayan an sauka daga jirgi, ta rasu. Yaƙin Zatus Sawari ma, wanda Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarhi ya karya jiragen Rumawa a cikinsa a shekara ta 34 bayan hijira bisa mafi shaharar zance, masu tarihi da yawa a gaɓar kudancin ƙasar da kake zaune suke sanya shi. Ka tambayi abokan karatunka ko sun san wannan.

Abin da ya rage shi ne ware rana. Waɗanda suka tsananta suna cewa duk ranar da ke maimaituwa kowace shekara ana taruwa dominta ta zama idi, idin Musulmi kuwa biyu ne. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma abin da na fi natsuwa da shi shi ne, idin da shari'a ta taƙaita shi ne wanda ake neman kusanci ga Allah da ranar kanta. Babu wanda ke cewa sallah ko sadaka a 18 ga Maris ta fi ta 19 lada. Ranar tarihi ce, tamkar ranar samun 'yancin kai. In ka ji wani ya ba ta falala ta addini, to a nan bidi'a ta shigo, sai ka yi masa gyara da laushin harshe.

Tsayuwar shiru ita ce inda na fi jin nauyi. Ba daga Musulunci ta fito ba, daga Turai aka ɗauko ta, kuma majalisar fatawa ta dindindin ta Saudiyya ta hana ta. Wasu malamai sun sauƙaƙa, suna ganinta girmamawa ce ta al'ada. Ni dai ga abin da zan ce maka: shiru ba ya ƙarar da mamaci da komai, addu'a ke kai masa. In ka samu kanka a cikin taro aka miƙe, kuma zamanka zai zama cin fuska ga masu masaukinka, ka miƙe, ka cika mintin da nema wa Musulmin cikinsu gafara a ɓoye. Ba ka da zunubi in sha Allahu. Kada dai ka sunkuya ko ka rusuna wa gunki ko ginin tunawa, ko na wane ne.

Karatun Alƙur'ani ga mamaci, abin da ya shahara daga Imam Malik rashin so ne, amma malaman mazhabarsa da suka zo daga baya sun halatta kyautar da ladan, Turkawa kuma galibinsu Hanafawa ne, a wurinsu babu matsala. Wannan ba wurin jayayya da su ba ne.

Kalmar shahidai a jimlace daidai ce. Wanda aka kashe yana kare addininsa ko iyalinsa ko dukiyarsa shahidi ne da nassin hadisi. Abin da ake gudu shi ne a nuna mutum ɗaya a yanke cewa yana Aljanna, shi ya sa Bukhari ya ƙulla babi cewa ba a cewa wane shahidi ne. Sai ka ce muna yi musu zaton shahada, Allah ne masanin niyya.

Zuwa maƙabartun ya halatta. Annabi (SAW) ya fita wajen mutanen Uhudu bayan shekara takwas ya yi musu addu'a kamar mai ban kwana. Saɓanin malamai kan ɗaura sirdi, wato yin tafiya takanas, don ziyarar kabari sananne ne, amma tafiyarku ta ilimi ce da ganin wurin tarihi. Ka yi musu sallama, ka roƙa musu, kada ka roƙe su, kada ka shafi kabari don neman albarka. Za ka ga maƙabartun Ingilishi da Faransawa da mutanen Ostireliya a can. Ba a nema wa wanda ya mutu a kan kafirci gafara, aya ta 113 a Suratut Tauba ta yanke wannan, amma ba a yi musu izgili, ba a taka kaburburansu. Ka kuma sani Faransa ta kawo sojoji baƙaƙen fata daga Afirka ta Yamma wannan yaƙi, cikinsu akwai Musulmi. Kada ka shiga wurin kana rabon wuta da Aljanna bisa launin kaki.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, ni kuwa ya fi damuna. Za a nuna maka mutum-mutumin wani kofur, Sayyid, wanda ake ba da labarin ya saɓa harsashin igwa mai nauyin sama da kilo 200 a bayansa a wannan rana, bayan na'urar ɗagawa ta lalace. Ka tambaya yadda ya ƙare. Ya koma ƙauyensu yana sana'ar itace da gawayi da dako, ya rasu a 1939 cikin ƙaramin hali. An girmama shi da tagulla bayan ya daina jin yunwa. Sayyidina Umar ba haka ya yi ba. Ya yanka wa kowane ɗan Badar dirhami 5,000 a rabon baitulmali. Wata rana kuma ya raba mayafai a Madina, ɗaya mai kyau ya rage, aka ce ya ba matarsa Ummu Kulsum jikar Annabi (SAW). Ya ce Ummu Saliɗ ta fi cancanta, domin ita ta riƙa ɗauko musu salkunan ruwa ranar Uhudu. Shekaru sun shuɗe, bai manta da matar da ta yi dakon ruwa ba.

Mutanen Canakkale duk sun riga mu gidan gaskiya, addu'a kaɗai ta rage musu a wuyanmu. To ka je taron, ka yi ta. In Allah ya dawo da kai gida, akwai mazan jiya a unguwarku da matan sojojin da suka rasu a fagen daga, wasunsu na jiran haƙƙinsu. Waɗannan zakka ta halatta ga mabuƙatansu, ziyara kuma ta halatta ga dukansu, a kowace rana ta shekara.

Wallahu a'alam.