Kallabin Baturiya a cikin tsohon zane

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaura wa amare kallabi. Na ga hoton wani tsohon zane na yarinya Baturiya da ɗaurin kai shuɗi da ruwan ɗorawa, ga ɗankunnen lu'ulu'u. Shin matan Turawa na da suna ɗaura kallabi kamar mu?
Wata mai karatu daga Gusau, Jihar Zamfara.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Zanen da kika gani aikin Johannes Vermeer ne, mutumin Holan, wanda ya yi shi wajen 1665, kuma yana ajiye a gidan tarihi na Mauritshuis da ke birnin Hague. Sai dai wannan ɗauri ba shi ne shigar matan Holan ba, domin farar hular lilin suka fi sanyawa. Mai zanen ya kwaikwayo rawanin Turkawa ne don yarinyar ta yi kama da baƙuwa. Shuɗin da ya ɗauki hankalinki kuwa, daga wani dutse mai tsada da ake haƙowa a Afganistan aka niƙa shi.

A ganina, abin kai ya fi faɗin gaskiya idan alamar muƙami ne. Ki nemi hoton kan Idia da aka ƙera da tagulla, mahaifiyar Oba Esigie, sarkin masarautar Benin da ke kudancin Najeriya a ƙarni na 16, ki ga doguwar hula mai tsini da ta ɗan ranƙwafo gaba, an lulluɓe ta da saƙar murjani. Wannan ado ne na uwar sarki, kuma irin waɗannan kayan ne sojojin Ingila suka kwashe a 1897.

Mu a nan ba mu gaji zana surar mutum ba, saboda haka a bakin iyaye namu tarihin ya zauna. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, takan naɗa jaji, wato jagorar ƙungiyar matan nan masu neman ilimi da ake kira 'yan taru, ta hanyar ɗora mata malfa da jan rawani, malfar da a da aka san Innar Gobir, shugabar 'yan bori, da ita, sai ta koma alamar mace mai karantarwa. Yana damuna ƙwarai cewa yaranmu sun fi sanin kallabin Baturiya a kan wannan malfa.

Tunda sana'arki ce, ki samu tsofaffin unguwarku su nuna miki yadda ake ɗaura adiko da goggoro a kan kitson doka, ki ɗauki hoto da izininsu.