Dutsen da ke tsakanin Italiya da Faransa ba Dala ba ne

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce abokinka ya faɗa maka in Allah ya kai ka Italiya, shiga Faransa tafiyar dare ɗaya ce ta kan dutse, kuma kai da ka tashi kana hawan Dala da Goron Dutse ba abin da zai gagare ka. Shekarata bakwai a Briançon, garin Faransa da masu wannan tafiya ke saukowa, don haka ka kasa kunne.

Gaskiya ne daga Claviere ta Italiya zuwa Montgenèvre ta Faransa ba nisa a kan titi. Amma wurin ya kai tsayin kimanin mita 1,850, kuma masu gudun 'yan sandan iyaka ba titi suke bi ba. Sukan kauce su faɗa daji cikin duhu, inda dusar ƙanƙara ta binne hanya, ko'ina fari fat, gabas da yamma duk ɗaya.

Wani hunturu aka kira ni in yi wa wani yaro tafinta, don Hausa kaɗai yake ji. Takalmin kambas ne a ƙafarsa, wandonsa ya jiƙe ya daskare kamar allo. Da aka zare masa safa, yatsun sun yi fari, ana matsawa yana cewa ba ya jin komai. Daga baya likita ya yanke biyu. Su shida suka taso, ya tsaya ɗaure takalmi, sauran suka yi gaba ba wanda ya waiwayo. Maimakon ya tsaya inda yake, sai ya bi ƙarar ruwa yana zaton gangare zai kai shi gari. A waɗannan duwatsu ruwa kwazazzabo yake kai mutum. A watan Mayun 2018 gawar wata budurwa 'yar Najeriya aka tsamo daga kogin Durance, nan kusa da mu.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne wayarsa. Sa'ad da ya gane ya ɓata tana da caji, kuma kiran 112, lambar neman agajin gaggawa, kyauta ne, masu ceto na dutse za su fito nemansa. Tsoron kada a mayar da shi Italiya ya hana shi kira, har sanyi ya shanye batirin. Wallahi da ya kira, ko an mayar da shi, da yatsunsa goma zai kwana.

Ni dai ban yarda ka bi wannan hanya ba, kuma Inna ma ba za ta yafe mini ba in na yi shiru. Kana da sakamakon sakandare mai kyau. Turo mini hotonsa yau, mu duba neman gurbin karatu ta Campus France, hukumar gwamnatin Faransa mai taimaka wa ɗaliban ƙasashen waje, ka kuma fara koyon Faransanci tun kana gida. Ka gaishe mini da Inna da su Baba.